Rarar Dubu Biyu

Sau uku mai shago ya lashi yatsa ya ƙirga cinikin yau, sau uku yana samun rarar dubu biyu.

"Uwargida, zo ki ga albarka. Sati guda ke nan kuɗi na haihuwa a akwatin nan."

"Hannunka ne mai kyau, maigida," in ji matarsa, tana share ƙofar shago. Ta san shi: ranar da lissafi bai cika ba, ko miyarta sai ta yi laifi.

"Tsaya in ba ki tukuici."

Ya zura hannu a aljihun rigar da yake ratayewa in zai yi barcin rana. Ya laluba, ya sake lalubawa.

"Ina dubu biyuna?"

Ba ta ko ɗago kai ba. "Ai yanzu ka ƙirga su sau uku."