Zuciyar Injin Baba

Baba, tun da ka tafi ƙafata ba ta huta ba. Inna ta ce ko cin abinci a tsaye nake yi, kamar wanda mota ke jira a waje.

Injinka ne ya hana ni zama. Tsohon injin goge katakon nan mai koren fenti, wanda ka gada a wurin maigidanka, wanda ni ban taɓa jin kukansa ba. Na tashi na same shi a ƙuryar shago lulluɓe da tamfol, kana share shi kana ɗiga masa mai kamar mai jinya. In na tambaye ka sai ka ce zuciyarsa ce babu, wato gangar ƙarfen nan da ke juyawa a tsakiya ɗauke da wuƙaƙe, kuma an daina ƙera irinta. Sai ka miƙo min magogin hannu. Da shi muka ci muka sha, da shi kafaɗunka suka ranƙwafa tun lokacinsu bai yi ba.

Baffa, ƙaninka, ya ce za a raba gado, kuma ƙarfen da ba ya aiki awo ake yi masa. Har ya yi magana da masu sayen tsofaffin ƙarafa, da guduma za su zo. Na roƙe shi. Ya ce in na tashe shi kafin su zo nawa ne, in na kasa in kauce in ba su hanya.

Na zaci Inna za ta goya min baya. Na same ta tana tsintar shinkafa a bakin ƙofar da ta haɗa gida da shago, ƙofar nan da ta datse min yatsu biyu tun ban yi wayo ba, wadda ka tokare da wani nauyi cikin buhu ka hana a sake rufe ta. Ba ta ɗago ba. Ta ce in bar Baffa ya yi abin da ya ga dama.

Ban bari ba. Na yanki sanda daidai tsawon gurbin zuciyar, daga boris ɗin da take juyawa a kai zuwa ɗayan, na shiga gari da ita.

A layin masu kayan injin dariya aka yi min. Wani ya ce wannan ai kakan injinansu ne, in je gidan tarihi. A filin tsofaffin ƙarafa na wuni ina birkita tsatsa har tafin hannuna ya tsattsage. Na sami guda, ta fi sandata tsawo. Na sami wata, gurbin wuƙaƙenta ya cinye. Mai walda ya ce zai haɗa min, maƙwabcinsa ya ce abin da ke gudu irin wannan da wuƙa a baki, in aka yi masa ɗinki a fuskar mutum zai sauka. Duk inda na shiga sai an ce a'a, amma gwada wane. Wane kuma ya rasu, ko ya tashi, ko ɗansa ya mai da shagon wurin cajin waya.

A ƙarshe aka kwatanta min wani tsoho da ya yi gyaran irin waɗannan injina tun yana saurayi. Idonsa ya yi rauni, sai da na riƙo hannunsa har shago. Bai ce a ƙaro haske ba. Ya zura yatsu cikin injin yana shafawa kamar mai gaida tsohon aboki.

"Ɗana, wannan abin ba ya karyewa, ba ya cinyewa," ya ce. "Taɓa nan. Ba a wa noti ko ɗaya dole ba. Da sifana aka kwance shi a hankali, aka cika ramukan da giris don kada su yi tsatsa. Ɓarawo ba ya wannan ladabi. Ajiye ta aka yi."

Da zan mai da shi gida ya sake kama hannuna, na hagun. Ya daɗe yana shafa gurbin yatsun nan biyu.

Na dawo na hau shagon da bincike. Na sauke katakon da ke kan rufi, na zazzage akwatunan kusa, na tone tarin ƙurar zarto har ƙasa. Na zargi Baffa a zuciyata, Allah ya yafe min. Yau da la'asar ya aiko cewa gobe masu guduma za su zo.

Na miƙe zan shiga gida in sha ruwa, sai na yi tuntuɓe da abin da nake tuntuɓe da shi tun ina yaro. Buhun ya riga ya ruɓe, ya yage. Ƙofar ta juyo a hankali ta taɓa kafaɗata. Falle ɗaya ce ta katako, Baba, mara nauyi, ko ƙuda ba za ta kashe ba.

Na durƙusa na warware. A ƙarƙashin buhun akwai leda, a ƙarƙashin ledar akwai wata 'yar riga, ta yaron da bai fi koyon tafiya ba, hannunta na hagu ya bushe ƙamas da wani baƙin tabo. A cikin rigar gangar ƙarfen ce kwance, tana sheƙi da giris. Na ɗora sandata a kai, ko ƙwayar gero ba ta wuce ba.

Na sa ta a gurbinta ta zauna daram. Na ja bel da hannu, ta juya ba ƙara, kamar jiya aka cire ta. Ban kunna ba. Ina tsaye, na kasa zama, na kasa fita.

Baffa yana kasuwa, Inna tana maƙwabta. Ban gaya wa kowa ba tukuna, Baba, sai kai: na samo zuciyar injinka, na kuma gane ba ƙofa ce ta datse min yatsu ba.