Saura Minti Goma Jarrabawa

Saura minti goma Bahijja ta fara jarrabawa ta intanet, kwamfutar gidan ta ƙi shiga intanet. Ta kashe ta kunna har sau uku, shiru.

Mahaifinta, Malam Tanko, ya ce, "Bi kebul ɗin ki ga inda ya tsaya."

Ta bi shi har tsakar gida. Maimakon jikin na'urar intanet, sai ta tarar da ƙarshensa a wuyan ragon layya.

Kakarta 'Yardada ta ce, "Igiyarsa ya cinye, wannan kuwa na ga zaman banza take yi. Duk wanda ya kwance, shi zai riƙe."

Awa biyu Malam Tanko yana rungume da rago, yana leƙen taga. "Bahijja, saura tambaya nawa?"