Ɗaurin Tagulla

Ƙwaƙwalwa uku Injiniya ya jera a kan teburin shagonsa, kowace ba ta kai tafin hannu ba. Irinsu ake ɗaura wa jirgi marar matuƙi, a sa musu layin waya, mutum yana zaune a wani gari yana tuƙa jirgin ta intanet.

Matar da ke gabansa ta ce jirage arba'in take so saboda gonakinta. Wata biyar rabon shagon da babban aiki, in wannan ya kuɓuce sai dai rufewa. Tun daga bakin ƙofa kuma ta faɗa masa shago tara ta shiga, duk ta fito babu ko waiwaye.

Ba ta zauna ba. Hannunta na hagu yana cikin mayafi, da na dama take juya kayan. Direbanta ya ajiye wayarsa a kife a gefen tebur, ya koma ya tsaya a ƙofa.

Injiniya ya ɗaga ta farko, ya ce ba nauyi, ba cin batir, sai dai ba ta jure rana. Ta biyu tana kawo hoto tas, amma sabis na yin rauni take daburcewa. Ta uku ita ce uwa, layi biyu take ɗauka, ɗaya ya yanke ɗaya ya karɓa.

"Duk na ji wannan karatun a wurin maƙwabcinka," in ji ta. "Shi har ruwa ya ba ni."

Injiniya ya mayar da ta ukun kan tebur. Ya saba da masu saye iri-iri. Bara wasu mutane suka zo, ba su taya ba, ba su yi dariya ba, nauyin da jirgi zai iya ɗauka kawai suka tambaya. Ya haɗa musu goma sha biyu, bai tambayi inda gonarsu take ba. Wannan matar kuwa ko tankin feshin gona ba ta kalla ba, sai baƙar magana.

Ta ƙwanƙwasa ramin layin da farce. Ta ce an gaya mata girgizar jirgi tana zare layi a sama, abu ya ɓace da dukiyar mutum.

"Maƙwabcinka gam yake sawa. Kai fa, ɗan nan, addu'a kake yi masa?"

Nan ta taɓo shi.

"Gam, Hajiya? Gam da rana ke narkarwa?"

Ya jawo siririyar wayar tagulla, ya ratsa ta bisa layin, ya murɗa sau uku hagu, sau ɗaya dama, ya lanƙwasa bakin kamar ƙugiya, ya ɗiga dalma. Ya girgiza ƙwaƙwalwar a gaban idonta. Ko motsi.

"Wannan ko wuta ba ta kwance shi."

Ta daɗe tana kallon ɗaurin. Ta ce ai kowane mai gyaran rediyo zai iya.

"Wallahi duk ƙasar nan ba mai yi sai ni. Ban koya wa kowa ba, ko ƙanena. Duk inda kika ga ɗaurin nan, hannuna ne."

"Sake faɗa, kunnena ɗaya ba ya ji tun bara."

Ya sake, da ƙarfi, har da bugun ƙirji.

Direban ya zo ya ɗauki wayarsa, ya danna ya tsayar da naɗar murya, ya sa a aljihu. Bai koma ƙofa ba. A bayan Injiniya ya tsaya, wasu biyu kuma suka shigo suka tare hasken.

Sai a lokacin matar ta fito da hannun hagu. Yatsu biyu suka rage a jikinsa, fatar ta tattare don ƙuna. Ta kwance ƙullin bakin mayafinta da haƙori, ta ajiye wani baƙin guntun ƙarfe kusa da sabuwar ƙwaƙwalwar. Murɗa uku hagu, ɗaya dama, da ƙugiya.

"Gaskiyarka, ɗan nan, wuta ba ta kwance shi ba," in ji ta. "Daga ƙirjin mijina likita ya ciro shi."