Hayaƙin Gwaggo

"Kwashe tukwanenki, Gwaggo! Daga yau kin gama sayar da abinci a gidan nan."

Ɗan wanta ne, a gaban masu cin abincin rana. Gwaggo ko kai ba ta ɗaga ba, ta ci gaba da zuba wa direbobi miya.

"Kai da ƙanzon tukunyar nan ya raina? Matsa, ka tare min haske."

Gidan kakanninsu ne, mafi tsufa a garin. Hukumar adana kayan tarihi ta turo injiniya ya duba shi, ɗan wan nata kuwa ya rantse sai ya kore ta kafin a sa hannu a takardar adana gidan. Shekara goma ke nan da ya kulle sauran ɗakunan, yana goge su tas.

"Dubi yadda ta mai da katakon rufin nan gawayi," ya ce wa injiniyan. "Ƙazamar tsohuwa kawai!"

Injiniyan ya soka sukudireba a baƙin katakon, ta ƙi shiga. Ya zagaya ɗakunan da ake gogewa. Duk inda ya soka, sai gari ya zubo.

Ya dawo yana kaɗe riga.

"Gara ta cinye gidan. Kicin ɗin nan kaɗai ya tsira, hayaƙi ne ya hana ta shiga. Shi za mu adana, muddin ba a daina hura wuta ba."

Gwaggo ta miƙa wa ɗan wanta gatari.

"To, mai gadin tarihi, itacena ya ƙare."