Kunnen Tsohon Masaƙa

Malam Ɗayyabu, tunda ka rantse ba mai koyarwa a sashenka sai mai kwali, gyara zama ka ji. Kai ba ka riski zamanin masaƙa ba. Jiniya na kaɗawa da safe sai kekuna su cika titi maƙil, mai ƙosai ma ta san mutanenta. Wallahi har yau in na bi ta ƙofar nan na ga ciyawa, sai zuciyata ta karye. To, a cikin ma'aikatan akwai wani mai gyaran inji, shekararsa talatin a ciki, ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya ce boris kaza, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, saura mako guda ya mutu. Kuma haka za a yi. Da aka rufe masaƙa ya koma bakin kasuwa yana gyaran injin markaɗe, kunnen nan kuma ya fara nauyi, don ƙarar shekara talatin ba ta barin mutum haka nan.

Wani malamin kwalejin fasaha, wanda ɗalibansa sun iya zana inji a allo amma ba su san kukansa ba, ya ga in kunnen nan ya tafi, ilimin ya tafi ke nan. Ya je ya ɗauko tsohon, abokan aiki na ta gunaguni wai ina takardarsa. Tsoho sai ya sassauta noti a ɓoye, ya tada inji, ya jera ɗaliban kowa ya saurara ya faɗi inda ciwon yake. Mai kuskure ya koma bayan layi. Shekara biyu ana haka, sannan kunnen ya rufe ɗif. Bayan wani lokaci wata ɗalibar tsohon, injiniya a kamfanin casar shinkafa, ta kara sukundireba a kunne ta sa aka kashe babban inji ana tsakar aiki. Aka kwance, ga boris ya tsage. Ta je har gida ta ba shi labari, bai ji ko kalma ɗaya ba. Sai ta ɗauko sukundireba daga jaka ta kara a kunnenta. Tsoho ya dube ta, hawaye suka zubo masa.

Irinsu ba su fi a ƙirga ba yanzu, Malam, kullum kuma raguwa suke yi. Ka dai san abin da Hausawa suka ce: da tsohuwar zuma ake magani.