Ciyawa Mai Shan Gajimare

Shekarar da rafukan Mambila suka ƙafe aka kawo ciyawar daga wata ƙasa, aka shuka ta a ƙololuwar dutse. Mutane suka sa mata suna Sha-gajimare.

Gwaggo Lanti ba ta taɓa hawa ba sai ranar da 'yarta ta haihu, ga shi babu ruwan wankan jego a gida. Ta ɗauki tulu ta bi mijinta, Malam Jatau.

Da suka kai sama sai ta tsaya cak. Ciyawa ce shuɗiya har ƙirji, iyakar ganin ido. Gajimare na sauko mata kamar garke a mashaya, ruwa na tsiyaya daga kowane ganye yana haɗuwa ya zama ƙorama.

"Malam, ashe zan sake ganin ruwa mai gudu kafin in mutu?" in ji ta, hawaye na zubo mata.

"Cika tulunki, Lanti," ya ce a hankali. "Amma fara share fuskarki."

Ta duba. Babu iska ko kaɗan, amma ganyayen da ke kusa duk sun karkato wajen kumatunta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta durƙusa, ta yi bismillah, ta ɗiba.