Ka Ce Mini Sacewa Ka Yi

Tun ranar da Muktar ya sayi sabon babur, Alhaji Sharu bai ƙara yarda da shi ba. Ƙanensa ne, kuma shi ya damƙa wa kuɗin shanunsa da ya sayar kaf a kasuwar Mai'adua, don ya tura su banki a wata 'yar ƙasar tsibiri can Turai. A ɓoye aka yi, kada malaman Daura su ji zancen kuɗin ruwa.

Sharu ya sa aka bi sawun Muktar har Kwangwalam, can bakin iyaka. Ya daina cin tuwo da shi, ya rantse sai sun tsaya gaban alƙali.

Ran nan da hantsi aka faɗa a rediyo cewa bankunan waccan ƙasar tsibirin sun durƙushe, manyan maƙwabtanta sun riƙe abin da ya saura, baƙi masu ajiya kuwa sai dai haƙuri.

Sharu ya ruga gidan Muktar ko hula babu, ya kama hannunsa.

"Don Allah ka ce mini sacewa ka yi. Na yafe maka rabi."

Muktar ya sunkuyar da kai.

"Wallahi Yaya, ko kwabo ban taɓa ba. Duka na tura."